Injin da Atta Ta Hutar

Madras, Oktoba 1993

Ƙanena Elumalai,

Muna nan lafiya, muna kuma ɗokin jin taka lafiyar. Gwiwar mahaifiyarmu Atta tana nan yadda ka bar ta, tana riga rediyo sanin zuwan ruwan sama. Mijina Danapal yana gaishe ka. Ya ce agogon da ka aiko masa yana sauri, na ce ya gode wa Ubangiji da aka sami abu ɗaya mai sauri a jikinsa.

Ka yi haƙuri da jinkirin wasiƙa. Ka san yadda bikin kayan sana'a na Ayuda Puja yake yi mana a kasuwar fure. Tela da kekensa, mai aski da almakashinsa, mai wasa wuƙa da dutsensa, kowa ya wanke abin sana'arsa yana neman igiyar farin furen malli ya rataya masa. Yatsuna har sun yi kanta da ɗaurin zare. Wani direban lori ya tsaya yana taya mini fure kamar mai sayen albasa, na ce masa, "Anna, babban yaya, lorin nan shekara guda tana ɗaukarka ba ta taɓa yi maka ciniki ba, sai kai za ka yi mata a ranar hutunta?" Ya biya yana dariya, har ya ƙara igiya ɗaya.

To ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Injin tace ruwan kifinka ya lalace. Ba mutuwa ya yi ba. In ka kara kunne yana gurnani ciki-ciki kamar Danapal in an tashe shi da safe, sai dai ruwa ba ya fita ta tiyo, kumfa ma babu. Na ɗan mare shi a gefe yadda ake yi wa rediyo. Ya yi shiru, ya tuna, ya ci gaba da gurnani.

Kifin naka Sufeto kuwa ya yi fushi. Kifin da ke hango inuwar Atta ya taso da baki a buɗe kamar mai jiran na goro a kan titi, yanzu ya koma lungu ya juya mana baya. Jiya tsutsa ɗaya ya ɗauka, ya tofar da ita a gaban idonta.

Ba sai na gaya maka abin da wannan ke nufi ba, kai ka kawo shi gidan nan. Tsawon aurensu Atta ba ta taɓa kai loma baki ba sai mahaifinmu Naina ya ci ya wanke hannu. Da ya rasu ta rasa wanda za ta ci a bayansa, muka zauna muna kallonta tana ƙarewa. Sai ka shigo da wannan ƙaton mummunan abu mai kallon mutane a wulaƙance, ka ce, "Atta, wannan ba ya ci sai a hannu." Tun ranar ita ke ba shi, ya ci, sannan ta ci. To jiya da ya tofar da tsutsa, rabin wainar idli ta gutsura ta ture faranti.

Ka rubuto mini yadda zan yi, da sauri. Kada ka ce in kira mai gyara. Na kira mai gyaran fanka, ya leƙa, ya ce shi bai san fankar da ke kwana a ruwa ba. Kada kuma ka bugo wayar shagon bakin layi, don mai shagon yana riƙe labari kamar yadda kwando ke riƙe ruwa, Atta za ta ji komai kafin in tsallako titi.

Yayarka,
Anjalai

*

Maskat, Oktoba

Akka,

Na sami wasiƙarki, ina lafiya. Ki shafa wa Atta man da na aiko a gwiwa, ba a ajiye shi a akwati don ƙamshi ba. Ki gaida mijinki, ki ce masa agogon daidai yake, shi ne ke baya. Aiki yana nan. Kifayen otal ɗin nan jatan lande suke ci da safe, ni mai wanke musu ɗaki ina cin burodi da shayi.

Na yi dariyar marin da kika yi wa injin, sannan na karanta maganar rabin idli, dariyar ta tsaya. Saurara.

Da farko ki zare wayar daga bango. Da farko na ce, Akka, ba bayan kin tsoma hannu ba. Ki fito da injin, za ki ga ya kasu biyu: kai mai nauyi inda wayar take, da ciki inda soso yake. Ki murɗe su su rabu. A ƙarƙashin kan akwai ɗan murfi, ki ɓalle shi da farce. Ciki za ki ga 'yar farfela ba ta wuce kan yatsa ba. Maganaɗisu ne ke riƙe da ita, ki ja za ta fito, kada ki ji tsoro ki ce kin karya. Injin da ke gurnani ba ya tura ruwa, kusan kullum wani abu ne ya naɗe wannan farfelar, ko tsakuwa, ko gashi. Ki cire, ki goge ramin da tsinken auduga, ki hura tiyon ki ga ko iska na wucewa. In kin mayar da shi cikin ruwa ki karkata shi ki girgiza, iskar da ta maƙale ta fice, sannan ki kunna.

Soson kuma ki ɗebi ruwan tankin a bokiti, ki matsa shi a ciki sau biyu ko uku, ki mayar. A ruwan tankin kawai. Kada ya ga sabulu, kada ya ga ruwan motar tanka. In ya fito da sauran launin ƙasa, haka ake so.

Tambaya ɗaya. Injin nan na bar shi garau, ban taɓa jin ya yi tari ba. Wa ya taɓa shi? In mijinki ne, ki ce ba ni da fushi, bayani kawai nake so.

Ƙanenki,
Elumalai

*

Madras, Nuwamba

Tambi,

Lafiya muke, fatan kai ma haka. Damina ta sauka, layinmu ya zama kogi, yara na tuƙa kwanon wanki a ƙofar gida.

Ka wanke Danapal daga zargi. Mutumin da bai taɓa taɓa tsintsiya ba, me zai kai shi ga inji?

Na bi maganarka tiryan-tiryan. Na zare waya, na murɗe, na ɓalle murfi, na ja farfela. Ka san abin da na tarar? Zare. Farin zare ya naɗe ta tam kamar an yi mata rawani, da ruɓaɓɓen ganyen fure a jiki. Na warware shi a tafin hannuna, sai na ga ƙulli. Tambi, a duk kasuwarmu mace ɗaya ce ke yin ƙullin nan mai juyi biyu zuwa hagu, kuma ita ce ke rubuta maka wasiƙar nan. Sai na tuna, ana gobe biki Atta ta ce in ɗaura mata 'yar ƙaramar igiyar malli, tsawon yatsa. Na ɗauka ta hoton Naina ce.

Na same ta tana tsince shinkafa. Na ce, "Atta, wa ya sa wa injin kifi fure?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wa ke sa wa abu fure a gidan nan in ba ni ba? Ke kina kasuwa kina sayar wa na waje."

"Atta, a ruwa fa yake zaune!"

"To ruwa ya hana shi zama ma'aikaci? Keken mijinki da ba ya kai kowa ko'ina an wanke shi an yi masa ɗigo. Wuƙar yanka albasa an yi mata. Sai wannan bawan da ke aiki dare da rana, ba ya Lahadi, ba ya ƙorafi, shi za a tsallake? Naina ɗinku ko allurar ɗinkin buhu ba ya tsallakewa."

Ashe ina fita ta ciro shi, ta goge bayansa da tsamiya da toka kamar tukunyar tagulla, ta shafa masa sandal, ta ɗiga masa ja a goshi, ta jera shi da sauran kayan aiki, ta hutar da shi tun safe har wayewar gari. Da za ta mayar da shi sai ta bar masa furensa, wai cire wa mutum ado a gaban jama'a wulaƙanci ne. Shi ma Sufeto ba a bar shi ba, an watsa masa guggurun shinkafa da mazarƙwaila na albarkar biki. Na ce, "Ya ci?" Ta ce, "Bai ci ba, na bar masa a ciki ko zai sake shawara."

Na kwashe abin da ya rage a ƙasan tankin, kada ka tambaye ni warinsa. Na mayar da farfela, na karkata, na girgiza, na kunna. Ruwa ya feso har fuskar Danapal. Atta ta ce, "Kin gani? Hutun ne ya ƙara masa ƙarfi."

Maganar soso kuwa, na karanta abin da ka rubuta har sau biyu, na ce wayyo, ƙanena ya daɗe a ɗakin gwauraye. A wanke datti da ruwan datti! Kai da kake juya riga ka sake sawa tun kana makaranta, yanzu ka mai da ƙazanta ilimi. Da ka ga soson nan da ba ka ce haka ba, baƙi ƙirin, yana yauƙi. Na yi masa wankin gaske, da sabulu, da ruwan motar tanka mai ƙamshin asibiti, na ɗauraye da ruwan zafi, na shanya a rana. Ya fito fari tas kamar idlin gidan biki. Ruwan tankin ma na zubar da shi duka na cika da sabo. Ba sai ka gode mini ba.

Sufeto bai fara ci ba tukuna, ina jin kunya yake ji. Atta tana shan kofi da ayaba ɗaya.

Anjalai

*

Madras, Nuwamba

Tambi,

Muna gaishe ka. Ban jira amsarka ba, don abin ya canza.

Injin yana aiki kamar doki, amma ruwan ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa. Sufeto yana hawa sama yana haƙi da baki a bakin ruwa, in ya gaji ya sauka ya kwanta a gefe ɗaya. Launin jikinsa ya dushe. Na sake wanke soson da sabulu ko ban wanke shi sosai ba ne, abin ya ƙaru.

Atta ta bar ayabar. Shekaranjiya da safe ta sunkuya tana zanen garin shinkafa a bakin ƙofa, jiri ya kwashe ta, maƙwabciyarmu ce ta tare ta. Ba ta ji ciwo ba. Likitan layi ya ce babu abin da ke damunta sai yunwa. Na dafa mata romon barkono da tafarnuwa irin wanda take so, ta kalli tankin, ta ce, "Yana kwance da yunwa ni in zauna ina lasar yatsa?" Danapal ya ce a sayo wani kifin mai kama da shi a musanya. Na ce matar da ke gane tsintsiyarta a cikin tsintsiyoyin layi gaba ɗaya ita za ka yi wa musanyen Sufeto?

Kullum ina tare ɗan gidan waya a bakin titi har ya fara canza hanya. Ka rubuto.

Anjalai

*

Maskat, Nuwamba

Akka,

Wasiƙunki biyu tare suka iso. Na fara buɗe ta farko, na yi dariyar rawanin farfela har abokan ɗakina suka taru. Na zo kan farin soso, na dafe kai. Na buɗe ta biyu, na zauna a ƙasa. Lafiyata ƙalau, tawa ba ita ce magana ba yanzu.

Akka, ba ƙazantar gwauraye ba ce. Injin nan ba shi ke tsabtace ruwa ba, shi tura ruwa kawai yake yi. Masu aikin suna cikin soson. Wannan baƙin yauƙin da kika tsana gari ne guda na wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi. Hutun da Atta ta ba injin ya kashe wasu, zaman farfela ya kashe wasu, waɗanda suka yi taurin rai kika bi su da sabulu da ruwan zafi. Yanzu Sufeto a cikin fitsarinsa yake numfashi. Ban ce laifinki ba ne. Na dai ce an rubuta miki.

Ga abin yi, kuma wannan karon ki bi shi ko da ya yi miki kama da hauka.

Ki tara ruwa a bokitai a buɗe, ki bar shi ya kwana har ƙamshin asibitin ya fice. Kullum ki ɗebe kashi ɗaya cikin uku na ruwan tankin ki mayar da wannan. Kada ki ƙara zubar da shi duka. Kada a ba Sufeto komai har ruwa ya washe, ko ya roƙa. Kifi irinsa yana iya mako ba ci. Na san Atta ba ta iyawa. Wannan ɓangaren naki ne, ke da kika taɓa sayar wa mai sanƙo furen kitso.

Sannan ki hau bas ki tafi Kolatur, unguwar masu kiwon kifi, gidan tsohon maigidana Tangarasu. Ki ce ya yanko miki guntun soso daga tankin da ya fi daɗewa ba a taɓa ba, mafi baƙi, mafi muni. Ki taho da shi cikin ruwansa, kada ya bushe, kada ki tsaya hira a hanya. Ki cusa shi cikin injin kusa da farin naki. Mutanen garin can za su ƙaura su cika naki.

Na kuma sayi sabon inji, mai kyau, wani abokina Kasim zai taho da shi in ya sami hutu. Kada ki jira shi. Ki gaya wa Atta na ce in ba ta ci ba, ni ma a nan na daina.

Elumalai

*

Madras, Disamba

Tambi,

Muna lafiya. Ka lura na ce muna, ban cire kowa ba. Yanzu ka zauna ka ji yadda aka yi, kada ka tsallaka zuwa ƙarshe.

Saƙonka na daina ci na isar. Atta ta ce, "Ƙarya yake, wannan ko a ranar jana'iza sai ya nemi ƙari." Don haka na nemi wata hanya. Na dama mata kunun shinkafa tsararo, na ce, "Atta, ba ci ba ne, sha ne. Shi ma Sufeto ai ruwa yake sha." Ta duba ta ga gaskiya ne, ta sha. Washegari na ƙara masa kauri. Na zuba kindirmo, na murje wake a ciki, kullum ina ƙarawa, har ranar da cokali ya tsaya a tsakiya da ƙafarsa. Danapal ya buɗe baki zai ce wani abu, na taka masa ƙafa. Ita kuwa tana tauna tana cewa, "Sha nake yi."

Wahalar tana wajen soson. Na yi kuskuren gaya mata gaskiya, cewa zan je in karɓo dattin tankin wani gida in zuba a namu. Ta ajiye kofi. "Dattin wani gida? A ɗakin da hoton Naina yake? Mu namu dattin ya ƙare ne?" Na ce ya ƙare, Atta, ni na ƙarar da shi. Ta ce in ya shigo ta ƙofa ita za ta fita ta taga.

Na tafi kasuwa ina ɗaurin fure ina tunani. Da yamma na dawo na tarar ta dafa madara tana jira ta huce, ta miƙa hannu saman kantar ɗaki ta ɗauko ɗan kofin da take rage kindirmon jiya a ciki. Sai na ce, kamar ba komai, "Atta, yau kada ki zuba wannan. Tsohon abu ne, ya kwana, ya yi tsami. Ga madararki sabuwa fara tas, ki bar ta ta kwanta da kanta."

Ta kalle ni kamar na zo da kai biyu. "A makarantar da kika yi har aji takwas ba a gaya muku madara ba ta kwanciya sai da iri ba?"

"In kuma wata wawuya ta wanke kofin irin da sabulu fa?"

"Sai a je maƙwabta a aro cokali ɗaya. Wannan har tambaya ce?"

Na juya ina kallon tankin. Ita ma ta juya ta kalle shi. Ta daɗe. Sannan ta ce, "To me ya hana ki ce iri ne tun farko, kike ta datti, datti? Shi ma ɗan'uwan naki da karatunsa bai iya magana ba."

Daga nan fa abin ya fita daga hannuna ya koma nata. Ba a karɓar iri bayan an kunna fitila, don haka da sassafe zan tafi. Ba a zuwa da kwano marar murfi, ta ba ni kwanon silba na abincin Naina. Ta tambaye ni mutanen gidan suna da tsabta? Na ce sosai, Atta, dattinsu ma na gidan mutunci ne.

Tangarasu ɗinka ɗan kasuwa ne na gaske. Da ya ji abin da nake nema sai da ya sa na maimaita, sannan na ga idonsa ya fara lissafi. Ya ce, "Ƙanwata, wannan soson ya fi 'yata ta fari shekaru, ba abin bayarwa haka nan ba ne." Na ɗaga murya yadda matarsa za ta ji daga ɗakin girki, na ce, "Anna, a gidan nan sayar da irin kindirmo ake yi? In sani, in gaya wa mutanen layinmu." Matar ta leƙo da ludayi a hannu. Ya yanko mini rabi, ya ƙara da ruwansa, har ya rako ni bakin titi.

A bas ɗin da Danapal ke kwandasta na dawo, kwano a cinya. Wata mata kusa da ni ta shaƙi iska ta ce, "Miyar me ce wannan?" Na ce ta marar lafiya ce. Ta ce, "Wayyo, ba zai tashi ba." Surukinka kuwa ya zo ya tsaya a kaina wai kwanon ma sai an yanka masa tikiti, tunda ka ce gari guda ne a ciki.

Atta da kanta ta karɓe shi a bakin ƙofa da hannun dama. Na cusa shi kusa da farin, na kunna. Sai jira. Kullum ɗebe ruwa, kullum mayarwa, bokitai sun cika tsakar gida har ba wurin taka ƙafa. Kwanakin farko ban ga komai ba, na fara shirya zagin da zan aiko maka. Atta ce ta ce, "Ke, ba a buɗe kindirmo ana leƙawa." Ta hana kowa tsayawa a gaban tankin, har ta rufe shi da tsohon zanenta.

Sannu a hankali farin da ya rufe ruwan ya fara sakin jiki. Ranar Talata da safe ta yaye zanen, sai ga bangon bayan tankin ana gani tar, ga Sufeto a tsaye a tsakiya, jan jikinsa ya dawo, yana yi mana kallon nan nasa na kun san ko ni wane ne. Atta ta ɗauko tsutsa da yatsu biyu. Bai ma bari ta kai ruwa ba. Ya yi tsalle ya wafce har da kan yatsanta, ya watsa mata ruwa a fuska.

"Marar kunya!" in ji ta. "Ɓarawo! Haka aka koya maka?" Tana zaginsa tana miƙa masa ta biyu. Na ce ɗan'uwana ya ce kaɗan-kaɗan, ta ce ɗan'uwana ya zo ya faɗa da bakinsa.

Ta wanke hannu, ta zauna a tabarma, ta kalli kunun da na ajiye mata ta ture shi da ƙafa. "Anjalai, wannan abincin marasa lafiya ne. Shinkafa ta ƙare a garin nan?" Tambi, faranti biyu. Da kindirmo, da yajin mangwaro, da miyar kifin da na yi wa Danapal. Sai dai kafin ta taɓa miyar ta juya wa tankin baya, wai kada ya gani ya ji babu daɗi. Ni na shiga ɗakin girki na yi kukana a gaban murhu, na ce hayaƙi ne.

Gidan Tangarasu kuwa, ka san ba a karɓar iri haka nan ba tukwici, ko da kwanon namu ne. Ta sa na kai wa matarsa alewar madara da igiyar malli har kamu biyu. Daga jarina.

Yayarka mai wanki,
Anjalai

*

Maskat, Disamba

Akka,

Lafiya lau, yau ma fiye da kullum. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin tankin otal, na yi ihu, wani baƙo ya ɗauka kifi ne ya cije ni. Na sayo wa 'yan ɗakinmu shinkafar biriyani, sun ci albarkacin Sufeto ba su san shi ba.

Shekarun da na yi a gidan Tangarasu yana yi mini bayanin soson nan da manyan kalmomi, ba wanda ya taɓa ce mini irin kindirmo ne. Yanzu haka nake gaya wa sababbin ma'aikata, suna ganin ni mai hikima ne. Ban ce musu daga wajen mai fure na ji ba.

Kasim ya taso, inji na hannunsa. In ya iso kada ki cire tsohon nan take. Ki sa su tare su yi wata guda, sabon ya kama iri, sannan ki hutar da tsohon gaba ɗaya. Don girman Ubangiji, Akka, baɗi ki ɓoye wa Atta zare.

Elumalai

*

Madras, Janairu 1994

Tambi,

Muna lafiya, muna ɗokin jin taka. An yi bikin girbi na Pongal lafiya, tukunya ta tafasa ta zubo ta gabas, Atta ta fi kowa ihu. Kumatunta sun dawo. Jiya har faɗa ta yi da mai kayan miya, na tsaya ina sauraro kamar waƙa.

Kasim ya kawo saƙo. Kai, injin nan kyakkyawa ne, baƙi mai sheƙi kamar motar ango. Na karanta wa Atta abin da ka ce, a sa su tare sannan a sallami tsohon. Ta juya sabon a hannu, ta shinshina soson ciki, ta ce, "Wannan ba kowa a gidansa." Ta ce tsohon ya yi jinya tare da mu, ba za a kore shi don baƙo ya zo da sabuwar riga ba. Na ce to me za a yi da sabon, a soya?

Ga abin da aka yi da shi. Yana kan kanta, kusa da hoton Naina, a kan ɗan farin ƙyalle. An shafa masa sandal, an yi masa jan ɗigo. Atta ta yanke hukunci: tunda na cikin ruwa ba shi da halin hutu, ba ya kuma son wanka, wannan zai riƙa karɓar wanka da fure da hutu a madadinsa, ranar biki da kowace Juma'a. Na ce, "Atta, ana hutawa a madadin wani?" Ta ce, "Ƙanenki yana can yana aiki, mijinki yana nan yana huta masa, wani abu ya lalace?" Danapal na zaune a wurin. Ya duba agogonsa.

Don haka ka kwantar da hankalinka. Farfela ta tsira, soso yana nan baƙi ƙirin abin sha'awa, ina matsa shi a ruwan tankin sau biyu in mayar, ina kawar da kai. In tsohon ya gaji wata rana, ga na saman kantar a shirye, ya sha hutu. Ni kuma na sami mai sayen fure na kowace Juma'a wanda ba ya ciniki, ba ya kuma biya.

Atta tana kaina, ta ce in rubuta wannan da bakinta, kada in gyara:

"Elumalai, ka riƙa shafa mai a ka ranar Asabar. Kada ka ƙara aiko abu mai tsada, wanda ka aiko ya isa, yana da ladabi. Yayarka ta ce burodi kake ci a tsaye. In ka dawo, kai za ka fara ci, sai Sufeto, sai ni. Na riga na gaya masa tun yanzu don kada ya yi fushi ranar."

Na ga lokacin da take gaya masa. Ya juya mata baya, sannan ya ga hannunta ya nufi gwangwanin tsutsa, ya sake shawara.

Yayarka,
Anjalai